Waiwaye: Yadda Kwalejin Berea ta haɗa karatu da aikin hannu

A gindin duwatsun Afalashiya, cikin jihar Kentaki ta Amurka, akwai wata ƙaramar kwaleji mai suna Berea, mai ɗalibai kimanin 1,500. A ƙasar da kuɗin jami'a ke jefa iyalai cikin bashin shekaru, ita tun 1892 ba ta karɓar kuɗin karatu. Ɗan mai hali ma ba ya samun gurbi a cikinta, sai wanda aka tabbatar gidansu ba ƙarfi. Kafin ta kai nan kuwa ta sha wuya ƙwarai.

Wanda ya kafa ta a 1855 shi ne John G. Fee, limamin coci, ɗan mai bayi da ya yi wa bauta tawaye. Cassius Clay, ɗan siyasa mai adawa da bauta, shi ya ba shi fili. Ɗaki ɗaya aka fara da shi, ana karatu a ranakun mako, ranar Lahadi a yi ibada. Burin Fee shi ne baƙi da fari, mace da namiji, su zauna aji ɗaya, a jihar da a lokacin ake sayar da mutum a kasuwa. A ƙarshen 1859, bayan harin da John Brown, mai yaƙi da bauta, ya kai garin Harpers Ferry, wasu masu goyon bayan bauta ɗauke da makamai suka ba Fee da jama'arsa wa'adin kwana goma su bar yankin.

Da yaƙin basasa ya ƙare aka sake buɗe makarantar. A shekarar karatu ta 1866 an yi rajistar baƙar fata 96 da farar fata 91. Da yawansu ko harafi ɗaya ba su sani ba, don haka daga abacada aka fara. Sai 1873 aka ba da digiri na farko. Cikin waɗanda suka fito daga baya har da Carter G. Woodson, wanda ya yi aikin haƙar kwal kafin ya kammala a 1903, shi ne kuma ya assasa makon da ya zama watan tarihin baƙar fata a Amurka.

William Goodell Frost ya karɓi shugabanci a 1892, ya kuma karkata ga talakawan cikin duwatsu. A zamaninsa karatu ya rabu sassa: na share fage, na sakandare, na horar da malamai, na sana'a, sannan na digiri. Matan ƙauyuka suka riƙa kawo bargunan da suka saƙa da hannu, kwalejin ta sama musu kasuwa, daga nan sana'ar saƙa ta kafu a harabar. Amma a wannan zamanin ne yawan ɗalibai baƙar fata ya fara raguwa, tun kafin doka ta sa baki.

Dokar ta zo a 1904. Wani ɗan majalisar jiha, Carl Day, ya kawo ƙudurin haramta koyar da baƙi da fari a makaranta ɗaya, kowa kuma ya san Berea ake nufi. Kwalejin ta kai ƙara har Kotun Ƙoli, ta sha kaye a 1908. Mai shari'a John Marshall Harlan, shi ma ɗan Kentaki, ya ƙi amincewa da hukuncin. Berea ta ware kuɗi, ta nemo ƙari, aka buɗe Lincoln Institute kusa da Louisville a 1912 domin ɗaliban da aka rufe wa ƙofa. Sai 1950 aka sassauta dokar, bayan shekara 46, baƙar fata suka dawo.

Da makarantun gwamnati suka yawaita a cikin duwatsu, ƙananan sassan suka rasa amfani. A 1968 aka rufe na ƙarshe, Berea ta tsaya kan digirin farko. Yau ana karanta fannoni fiye da 30, daga tarihi, falsafa da lissafi zuwa aikin jinya, noma da kasuwanci.

Abin da bai canza ba shi ne aiki. Kowane ɗalibi yana yin aƙalla awa 10 a mako, ana kuma biyansa ɗan abin da zai rage kuɗin abinci da littattafai. Yarinyar da ta fito daga ajin kimiyya da safe, da rana za ka same ta zaune tana ɗaure tsintsiya, tana jan zare tana matse dawar shara a jikin sanda. Abokin karatunta yana gonar kwalejin yana ba shanu abinci, wani yana tarbar baƙi a otal ɗin Boone Tavern da aka gina a 1909. Idan ɗalibi ya gama, takarda biyu yake fita da su: ta sakamakon karatu da ta shaidar ayyukan da ya riƙe.

Gumin ɗalibai kaɗai bai isa ya ɗauki nauyin ba. Tun 1920 amintattun kwalejin suka yanke cewa dukiyar da aka bar mata wasiyya a zuba ta a asusun da ba a taɓa uwar kuɗinsa, riba kawai ake ci. Asusun ya haura dala biliyan ɗaya, shi ke biyan mafi yawan kuɗin karatu.

Tarihin Berea ya nuna cewa ilimi kyauta ba ya ɗorewa da kyakkyawar niyya kaɗai. Sai an samu masu riƙe amanar dukiya tsara bayan tsara, da malaman da ba sa raina aikin hannu, da shugabannin da za su tsaya a kotu don ɗan talaka ko da sun san za su faɗi. Duk mai niyyar gina makaranta don marasa ƙarfi, a kan waɗannan ukun ya kamata ya fara lissafi.