Tarihin Jitar Bes Mai Lantarki

Jitar bes kayan kiɗa ce mai tsirkiya huɗu, wadda amonta mai kauri ke riƙe gindin kiɗa tare da ganga. Wahalar makaɗan dandamali ce ta haife ta. Kafin zuwanta, ƙungiyoyin kiɗa a Amurka sun dogara ne da ƙaton gogen nan da ake kafawa a ƙasa, mai tsayin mutum. Jigilarsa daga gari zuwa gari jan aiki ne, kuma da zarar masu ƙaho da mai ganga sun ɗaga sauti, sai muryarsa ta ɓace.

Paul Tutmarc na birnin Seattle ya ƙera bes mai lantarki da ake ratayawa a kafaɗa a tsakiyar shekarun 1930, da sunan kamfaninsa Audiovox, amma ba ta yi kasuwa ba. Al'amarin ya kankama ne a 1951, lokacin da Leo Fender ya fitar da Precision Bass a garin Fullerton na jihar Kalifoniya. Jikinta dunƙulallen katako ne, tsawon tsirkiyarta inci 34, ma'aunin da yawancin maƙera ke bi har yau. Ƙarafan da aka gicciya a wuyanta sun sa duk wanda ya iya jita yana iya kama sautin daidai ba tare da lalube ba. A 1953 Monk Montgomery ya zagaya Turai da ita a ƙungiyar Lionel Hampton.

A 1960 Fender ya ƙaro Jazz Bass, daga nan kuma aka fara muhawarar da ba ta ƙare ba tsakanin makaɗa. Precision, bayan gyaran da aka yi mata a 1957, maganaɗisun ɗaukar sauti ɗaya gare ta, rabe gida biyu don kashe ƙugin lantarki. Muryarta cikakkiya ce, ba ta da yawan maɓallai, shi ya sa mai haɗa sauti a zauren wasa ba ya shan wahala da ita. Da irinta James Jamerson ya kaɗa waƙoƙin kamfanin Motown a Detroit. Jazz kuwa wuyanta ya fi siranta, maganaɗisunta biyu ne, ana iya cakuɗa su a sami murya mai kaifi. Ita ce ta kasance a hannun Aston Barrett na ƙungiyar Bob Marley, ita ce kuma Jaco Pastorius ya cire wa ƙarafan wuya. Ga mai kiɗan dare da yawa a mako, sauƙin Precision abin so ne ƙwarai, ko da Jazz ta fi ta launukan sauti.

Nauyi ma abin dubawa ne ga wanda zai tsaya awa uku da jita a kafaɗa. Höfner ta Jamus, wadda Paul McCartney ya saya a Hamburg a 1961, cikinta rami ne, ba ta da nauyi.

Da zaurukan wasa suka ƙara girma, kamfanin Ampeg ya fitar da amfilifaya SVT mai wat 300 a 1969. A 1976 StingRay ta kamfanin Music Man ta zo da na'urar ƙara ƙarfin sauti mai batir a cikin jikinta, ta dace da salon dukan tsirkiya da babban yatsa wanda Larry Graham ya shahara da shi. A shekarun 1980 bes mai tsirkiya biyar ta yaɗu, sannan daga 1982 kamfanin Fender ya soma ƙera samfura masu rahusa a Japan da sunan Squier, abin da ya sa ƙananan makaɗa suka iya mallakar Precision ko Jazz, har ma da ta ajiya ko da tsirkiya ta tsinke ana tsakiyar wasa.