Tsawon Ran Labari: Tarihin Wasan Kwaikwayo Mai Dogon Zango



Tun lokacin da tashar Adom TV ta fara nuna wasan Indiya mai suna Kumkum Bhagya cikin harshen Twi, wata tambaya ta riƙa yawo a zangunanmu, daga Nima har Kumasi: shin wannan labari yana da ƙarshe kuwa? An fara shi a Indiya a 2014, ya haura shekara goma ana yi, har 'ya'yan da aka haifa cikin labarin suka girma suka karɓi ragamarsa daga hannun iyayensu. Tambayar ta cancanci a tsaya a kanta, domin lokacin iyali ake ci, lokaci kuwa amana ne. Mun ga ya dace mu waiwayi tarihi, mu ga iya nisan da irin wannan wasa ya taɓa kaiwa, da abin da ke raya shi, da abin da ke kashe shi.

Dabarar yanke labari a inda ya fi daɗi ta girmi talabijin nesa ba kusa ba. Wanda ya karanta Dare Dubu da Ɗaya ya san yadda Shaharzad take yin shiru idan asuba ta gabato, ta bar sarki cikin ɗoki, ta haka ta tsirar da ranta dare bayan dare. Idan aka lissafa, dare 1001 ya kai kimanin shekara biyu da wata tara. A gidajen shan gahawa na Dimashƙa da Alƙahira ma, mai ba da hikaya yakan ɗauko tarihin Antar ɗan Shaddad, ya tsaya daidai inda jarumi ya shiga tsaka mai wuya, don masu saurare su dawo gobe, mai gahawa kuma ya sake yin ciniki. Tun a nan za a ga cewa mai labari da mai kasuwa sun daɗe da ƙulla abota.

Wannan abota ita ta haifi wasan kwaikwayo mai dogon zango a Amurka. A shekarun 1930 kamfanonin sabulu, musamman Procter & Gamble, suka lura cewa matan aure na gida da rana, rediyo na kunne. Sai suka riƙa ɗaukar nauyin gajerun wasanni na minti 15 a ranakun aiki, suna cusa tallar hajarsu a tsakani. Dalili ke nan da ya sa Turawa har yau suke laƙaba wa irin waɗannan shirye-shirye sunan sabulu. Wata marubuciya 'yar birnin Shikago, Irna Phillips, ita ce uwar wannan fanni. A watan Janairun 1937 ta fara wani wasa a rediyo mai suna Guiding Light, labarin wani limamin coci da mutanen unguwarsa. A 1952 wasan ya shiga talabijin a tashar CBS, bai tsaya ba sai watan Satumban 2009. Shekara 72 ke nan, 57 daga ciki a talabijin, inda aka nuna kashi sama da 15,000. Ita kanta Irna ta mutu a 1973, labarinta ya ƙara shekara 36 a bayanta. Limamin da aka fara da shi tuni ya fita daga labarin, wani gida mai suna Bauer ya maye gurbinsa, daga baya wasu gidaje suka shigo.

A Ingila kuwa, ranar 9 ga Disamban 1960 kamfanin Granada na Manchesta ya fara nuna Coronation Street, wanda wani saurayi mai suna Tony Warren ya ƙirƙira. Kashi 13 kacal aka amince a yi da farko. Labarin talakawa ne mazauna layi guda a wani garin ƙirƙira da ake kira Weatherfield, da kantinsu da maƙwabtakarsu da rigingimunsu. A watan Fabrairun 2020 aka nuna kashi na 10,000, kuma wasan ya haura shekara 60. Akwai ɗan wasa guda, William Roache, wanda ya fito tun a kashi na farko a matsayin ɗalibi mai suna Ken Barlow, ya ci gaba da riƙe wannan matsayi har ya tsufa a gaban masu kallo. Mutanen da suka fara kallonsa suna samari sun yi jikoki suna kallonsa tare.

Idan muka dubi waɗannan biyun za mu ga sirri guda. Labarin da aka gina a kan tambaya ɗaya, kamar ko wane zai auri wance, ko wa ya kashe wane, ransa na ƙarewa ranar da aka ba da amsa. Wanda aka gina a kan gari ko unguwa yana iya rayuwa muddin ana haihuwa ana mutuwa, baƙi na sauka, wasu na ƙaura. Mun fi kowa sanin wannan, mu da muke zaune a zangunan da fataken goro suka kafa: waɗanda suka kafa su sun daɗe da komawa ga Mahaliccinsu, amma zango na nan, kullum da sabon labari. Ba mamaki ba ne da yawancin wasannin da suka daɗe suka rataya a kan wuri. A Nijeriya, The Village Headmaster ya zauna a ƙauyen Oja daga 1968 zuwa 1988. A Masar, Usama Anwar Ukasha ya rubuta Layali al-Hilmiyya a kan wata unguwa ta Alƙahira, aka fara shi a 1987, ya bi gidaje da zuriyarsu cikin sauye-sauyen siyasar ƙasar, har zango biyar zuwa 1995.

Akwai kuma ƙasashen da suka zaɓi wata hanya dabam, suka yanka wa labari likkafani tun ranar haihuwarsa. A Meziko da Barazil, wasannin soyayyarsu da ake kira telenobela sukan yi 'yan watanni ne, a tona asirin mugu, a ɗaura aure, a rufe. A ƙasashen Larabawa an saba da kashi 30 daidai da kwanakin watan azumi. Irin wannan tsari yana ba marubuci damar sanin inda ya dosa tun kafin ya ɗaura sirdi. Kamar tatsuniyar kakanninmu ce, wadda komai daɗinta sai an kai ga ƙurunƙus.

To me ke kashe wasa mai dogon rai? Tarihi ya nuna abubuwa uku. Na farko kuɗi. Guiding Light bai mutu don labari ya ƙare ba. Matan Amurka sun fita aiki, tashoshi sun yawaita, masu kallon rana sun ragu, masu talla suka ja baya, sai tashar ta maye gurbinsa da shirin gasa wanda bai kai shi tsada ba. Na biyu jikin ɗan Adam. Ɗan wasa yana tsufa, yana rashin lafiya, yana saɓawa da mai shiri, yana mutuwa. Dole marubuci ya zaɓa: ko ya kashe mutumin cikin labari, ko ya tura shi tafiya, ko ya kawo wata fuska ya ce wa jama'a ita ce ta jiya. Na uku, kuma mafi muni, zubewar amana tsakanin marubuci da mai kallo. Wasan Dallas na Amurka, wanda aka yi daga 1978 zuwa 1991, ya bar misalin da ba a mantawa. A 1985 ɗan wasan da ke fitowa a matsayin Bobby ya bar aiki, aka kashe Bobby cikin labari. Da shekara ta zagayo ya dawo, sai marubuta suka ce duk abin da aka kalla a zangon da ya wuce mafarki ne wata mata ta yi. Jama'a da dama suka ji an raina musu hankali, wasan kuma bai sake komawa matsayinsa na da ba.

Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye. Tun da aka buɗe tashar Arewa24 a 2014, wasannin Hausa masu dogon zango suka shigo ɗakunanmu ta tauraron ɗan Adam da YouTube. Daɗin Kowa, wanda sunan gari ne na ƙirƙira, ya bi tafarkin labarin wuri, shi ya sa ya iya ɗaukar shekaru yana sauya fuskoki. Labarina na Aminu Saira, da ya fara a 2020, ya taso ne a kan rayuwar mace guda, ya kuma gamu da jarrabawar sauya 'yar wasa a tsakiyar tafiya. A gare mu da muke tsiraru a ƙasar da yaranmu ke karatu da Turanci, suna ciniki da Twi, waɗannan wasanni sun zama wata kafa da karin magana da gaisuwa da ladubban ƙasar Hausa ke shiga kunnensu. Saboda haka muna da buƙatar su daɗe, muna kuma da haƙƙin neman su daɗe da mutunci.

Ma'aunin da muke ba iyaye shawara su riƙe mai sauƙi ne. A duba ko mutanen cikin labari suna girma, ko aikin da suka yi jiya yana da sakamako yau, ko wanda ya mutu ya mutu ke nan. Idan haka ne, labarin na da rai, ko da zai kai shekara 60. Idan kuwa aka ga matacce ya tashi, sirri guda ana jan sa wata shida, kishiya ta tuba sau uku ta koma ruwa sau uku, to mai talla ne ke riƙe da alƙalami, kuma babu laifi a kashe akwati a tura yara su ɗauki allo.

Ga marubutanmu na Kano da Kaduna da Jos, da matasanmu na nan da suka fara ɗaukar wasanni da wayar hannu, nasiharmu ita ce su yanke shawara tun farko: labarin mutum ɗaya za su ba da, ko labarin gari? In na mutum ɗaya ne, su san ranar rufe shi kafin su fara. In na gari ne, su tanadi yara da baƙi da za su gaji manya, su kuma horar da marubutan da za su gaje su, kamar yadda aka gaji Irna Phillips. Zangunanmu cike suke da abin rubutawa, daga zuwan fatake har zuwa jikokinsu da ke neman biza a yau.

Allah ya sa mu yi amfani da lokacinmu a inda zai amfane mu, duniya da lahira. Wassalam.