Awa 40, Shekara 14

Dokar ƙwadago ta Nijar, wadda aka sa wa hannu ranar 25 ga Satumba 2012, ta ce aikin mako awa 40 ne, kuma ba a ɗaukar yaro aiki, ko da koyon sana'a ne, sai ya cika shekara 14. Lambobin nan biyu sun girmi dokar, sun ma girmi Jamhuriyar Nijar kanta. Mu a Harobanda, ƙetaren kogi a Yamai, inda da wuya ka wuce garaji ba ka ga yaro kwance ƙarƙashin mota ba, ya kamata mu san inda suka fito.

Daga masaƙun auduga na Ingila tarihinsu ya taso. Can ne ake sa ƙananan yara su rarrafa ƙarƙashin inji yana gudu, su share burbushin auduga, su ƙulla zaren da ya tsinke. Dokar 1833 ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 9 ba, ta yanke wa ƴan 9 zuwa 13 awa 9 a yini, ta naɗa sufetoci huɗu ga ƙasa baki ɗaya. Nan take suka ci karo da matsalar da muka sani: yaron ba shi da takardar haihuwa, don sai 1837 aka fara rajistar haihuwa a Ingila. Har wani likita ya ba da shawarar a riƙa buɗe bakin yaro a duba haƙoransa, kamar yadda ake wa rago a kasuwa. Faransa ta yi tata dokar a 1841, ta hana ƴan ƙasa da shekara 8, amma ta bar binciken a hannun manyan gari da ba a biya, doka ta kwanta barci. Sai 1874 ta samu sufetoci masu albashi. Awa 8 a yini ta zo a 1919, awa 40 a mako a 1936.

Ko ɗaya daga ciki bai ƙetaro teku ba. Shekarar da leburan Faransa ya samu awa 40 da hutun da ake biya, kakanninmu aikin dole suke yi. Kwamanda ya aika wa sarki yawan kawunan da yake so, sarki ya aika wa mai gari, gardi ya zo ya tasa ƙeyar mutane. Da guminsu aka yi hanyoyi, aka gina Yamai bayan an ɗauko babban birni daga Damagaram a 1926. Agogon wannan aiki rana ce, fitowarta da faɗuwarta. A takarda baligai ake nema, a gari kuwa wanda ba shi da mai tsaya masa ake turawa. Tsofaffinmu na Arewa kan ba da labarin yadda samari ke sulalewa da dare zuwa ƙasar Ingilishi, wato Nijeriya, can ɗin ma ba aljanna ba ce: daga 1942 zuwa 1944 an yi diban gwamna zuwa ramukan kuza na Jos.

Dokar Houphouët-Boigny ta 11 ga Afrilu 1946 ta kashe aikin dole. Daga nan ƴan sandika, wato ƙungiyoyin ƙwadago, suka ja daga. Ma'aikatan jirgin ƙasa na Afirka ta Yamma sun yi yajin aiki sama da wata biyar, daga Oktoba 1947 zuwa Maris 1948. Ranar 3 ga Nuwamba 1952 aka ajiye aiki a yankin baki ɗaya don majalisar Paris ta daina jan ƙafa, ranar 15 ga Disamba kuma dokar ƙwadago ta ƙasashen renon Faransa ta fito. A cikinta ne awa 40 da shekara 14 suka iso mana. Masu kamfani suka ce to, an rage awa, sai a rage kuɗi, shi ya sa 1953 ta zama shekarar wani sabon yaji, wanda ya ɗaga Sékou Touré a Gini. A nan gida ma ta hanyar sandika Djibo Bakary ya yi suna, har ya zama magajin garin Yamai a 1956. Bayan ƴancin kai, dokokin 1962 da 1996 da 2012 duk sun gaji lambobin, Nijar ta kuma amince da yarjejeniyar ƙwadago ta duniya kan mafi ƙarancin shekaru a 1978, da ta munanan ayyukan yara a 2000.

Abin da na lura shi ne, awa 40 manya ne suka ƙwato ta da yunwar cikinsu, shi ya sa suke tsaron ta har gobe. Shekara 14 kuwa rakiya ta yo. Kuma an ɗinka dokar ne ga wuri mai ƙofa da mai gadi da littafin albashi, irin masaƙar Sonitextil ta da, ko kamfanin siminti na Malbaza, ko injin casar shinkafa na Kirkisoye da ke nan gefenmu. Irinsu nawa ne a ƙasar?

Kafin gadar Kennedy ta 1970, wannan ƙetaren ƙauyuka ne da gonaki da makiyaya. Gada da jami'a suka jawo jama'a, jama'a suka zo da ƴaƴansu, aikin yara ya bazu inda babu ƙofar da sufeto zai ƙwanƙwasa: korar tsuntsaye a fadamar shinkafa, amalanken jaki, talla, ƴan mata masu wanke-wanke a gidajen mutane. Na taɓa zama a garajin unguwarmu ana gyara mini babur, wani dattijo ya shigo riƙe da hannun yaro da bai fi shekara 11 ba.

"Maigida, ga ɗanka na kawo maka. Boko ta ƙi shi. Amana ce."

"Baba, Allah ya ba mu ikon riƙewa. Kai, zo nan, miƙo mini sifanar can."

Shi ke nan an ƙulla. Doka na son yarjejeniyar koyon sana'a a rubuce, nan kuwa fatiha aka shafa. Kafin in tashi yaron ya tsuguna gaban yankakken galan, hannu tsundum cikin fetur yana wanke kafireto. Tashi daga aiki sai babur na ƙarshe ya fita. In ka tambayi shekarunsa, wataƙila sai an ƙirga da damina. Ni kaina takardata cewa ta yi an haife ni "wajen" shekara kaza.

Ban ga mugu ba a cikin mutanen nan biyu. Uban ya duba ya ga aji cike maƙil da kuma masu digiri zaune a gindin bishiya, ya zaɓi sana'a. A Turai ma sufeto shi kaɗai bai fitar da yara daga masaƙa ba, sai da makaranta ta zama tilas, a Ingila 1880, a Faransa 1882, albashin uba kuma ya fara isar gida.

Da ni ne sufeton ƙwadago a wannan ƙetaren, ba zan fara da rufe garaji ba, don yaron da na kora yau gobe yana iya bin motar Tera zuwa ramukan zinariya na Komabangu. Zan fara da abin da doka ta riga ta hana ga duk wanda bai kai 18 ba, wato aiki mai hatsari. In tambayi maigida wa ke zuba ruwan batir, wa ke walda babu tabarau, kuma ƙarfe nawa na dare ƙaramin cikinsu ke komawa gida.