Gwajin Ji ga Ƙananan Yara: Abin da Iyaye Ya Kamata Su Sani

Yaro da kunne yake koyon magana. Idan ba ya ji sosai a shekarunsa uku na farko, bakinsa zai yi jinkirin buɗewa, daga baya kuma karatu ya yi masa wuya. Sau da yawa a asibiti ana kawo mana yaro ɗan shekara huɗu ana cewa "nauyin baki ne, gado ya yi", alhali matsalar tana kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na matsalar ji a yara ana iya kauce mata.

Me ke kawo matsalar?

A Sakkwato da kewaye, abubuwan da suka fi kawo ta su ne sanƙarau, ƙyanda, hangum, shawara mai tsanani a makon farko na haihuwa, haihuwar bakwaini, ciwon kunne mai fitar da mugunya, da wasu allurai irin su gentamicin idan an yi su ba bisa ƙa'ida ba. Akwai kuma wadda ake gada.

Alamomin da za ku duba a gida

• Wata 3: yana zabura idan an buga ƙofa da ƙarfi, yana natsuwa idan ya ji muryar mahaifiyarsa.
• Wata 6: yana waiwayawa wajen da sauti ya fito.
• Wata 9: yana gwaranci, kamar "ba-ba" da "da-da".
• Shekara 1: yana waigowa idan an kira sunansa.
• Shekara 2: yana haɗa kalmomi biyu, yana bin umarni kamar "kawo buta" ba tare da an nuna masa da hannu ba.

In za ku gwada shi, ku tsaya ta bayansa inda ba ya ganinku. Yaron da ba ya ji yakan lura da fuska da motsin hannu, har iyaye su ɗauka yana ji.

Yadda ake gwajin a asibiti

Ga jariri, ana sa ɗan ƙaramin abu a bakin kunnensa yana barci, na'ura ta aika sauti ta auna amsar da kunnen ciki ya mayar. Ba ya zafi, kuma mintuna kaɗan ne. Idan bai tsallake ba, ba a yanke hukunci nan take. Ana sake gwajin, ko a yi wani da ke auna yadda jijiyar ji ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce: gwaji kafin wata 1, tabbatar da matsala kafin wata 3, fara taimako kafin wata 6.

Ina za ku je?

Ku fara da asibitin da ke kusa da ku, ku nemi a tura ku sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Duk yaron da ya warke daga sanƙarau, a gwada jinsa cikin wata guda bayan sallama, ko da kuna ganin lafiyarsa ƙalau.

Kada ku ɗiga mai ko ruwan ganye a kunnen da ke zubar da ruwa, kada ku sa tsinke. Ku kammala wa yaro allurar rigakafi. Idan hankalinku bai kwanta da jin ɗanku ba, ku kawo shi yanzu, kada ku jira ya shiga makaranta.