Gundumar Birnin Kudu: Tarihinta da Tsarin Mulkinta Daga Hakimi Zuwa Ciyaman

Birnin Kudu ƙaramar hukuma ce a kudancin Jihar Jigawa, ɗaya daga cikin 27 da jihar take da su. A ƙidayar 2006 mutanenta sun haura 300,000, maƙwabciyarta Gwaram kuma tana da sama da 270,000. Cikin mazaɓunta akwai Sundimina, Kangire, Kantoga, Kiyako, Wurno da Yalwan Damai. A Majalisar Wakilai kujera ɗaya take rabawa da Buji, Gwaram kuwa tana da tata, dukkansu kuma suna cikin mazaɓar sanatan Jigawa ta Kudu maso Yamma. A ɓangaren sarauta, ƙasar tana ƙarƙashin Masarautar Dutse, kuma hakimin garin yana riƙe da sarautar Sarkin Kudu.

Wurin ya daɗe da mutane. Zanen shanu da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, wanda masu binciken kayan tarihi suka fito da shi duniya a shekarun 1950, shaida ne kan haka. Amma gunduma mai iyaka da hedikwata da littafin haraji, wadda ƙaramar hukumar yau ta gada, ba ta wuce shekara ɗari da 'yan kai ba.

Kafin zuwan Turawa

A ƙarni na 19 Birnin Kudu da Gwaram suna cikin ƙasar Kano, a bakin iyakarta ta kudu maso gabas. Zaman bakin iyaka a wancan lokaci zaman fargaba ne, domin Ningawa sun sha kawo hari yankin, musamman a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya yi sarauta daga 1855 zuwa 1882. Babban aikin mai riƙe da gari a nan shi ne gyaran ganuwa da tara mayaƙa.

Tsarin Kano na lokacin bai san gunduma dunƙulalliya ba. Yawancin hakimai a birni suke zaune kusa da fada, garuruwan da ke hannunsu a warwatse, wani a gabas wani a yamma, jakadunsu ne ke zuwa karɓo kuɗin ƙasa da zakka. Wasu tsofaffin garuruwa irin su Rano, Gaya, Dutse, Ƙaraye da Birnin Kudu ne suke da sarakunansu a zaune cikin jama'arsu.

Mai Gunduma

Turawan Ingila sun ci birnin Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Abin da ya fi damunsu bayan nan shi ne haraji: ba su san nawa ake karɓa ba, ba su kuma san nawa ke maƙalewa a hannun jakadu ba. Razdan Cargill ne ya ɗauki aikin sake fasalin ƙasar a wajajen 1907 da 1908. Ya haɗe garuruwan da ke maƙwabtaka wuri ɗaya, ya sa musu hakimi ɗaya, ya tilasta wa hakimin barin birni ya koma ƙasarsa da zama. Kanawa suka laƙaba masa suna Mai Gunduma.

Daga nan matakan mulki suka tsaya a jere: mai unguwa, dagaci, hakimi, sarki, sai Razdan da Di'o suna duba kowa. Aka kafa Baitulmali, aka yanka wa hakimai albashi maimakon kason da suke ɗiba, aka riƙa raba harajin tsakanin gwamnatin Turawa da En'e. Kowace shekara malaman haraji su ƙidaya magidanta, a ƙidaya shanu don jangali, hakimi ya tattara ya kai Kano. Alƙali yana gunduma, 'yan doka suna hannun En'e, gidan yari ma nata ne.

A nan ne ya kamata mai karatu ya lura da abin da aka gina gundumar dominsa. An shata ta ne domin kuɗi su tashi daga ƙauye su isa birni ba tare da sun zube a hanya ba. Hakimi yana ba da bahasi ga sarki, sarki ga Razdan. Manomin Sundimina da ya biya harajin ba shi da wata ƙofa da zai ƙwanƙwasa ya tambayi inda kuɗinsa suka tafi. Wannan ne ya ba jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kasuwa a karkara, domin yawancin kukanta a kan hakimai da dagatai da kotunan En'e yake.

Yadda iko ya bar hannun hakimi

Ba rana ɗaya aka ƙwace shi ba. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano ranar 27 ga Mayu, 1967, gwamnatocin soja suka karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun En'e. Sai gyaran 1976, wanda ya samar da ƙananan hukumomi 301 masu tsari iri ɗaya a duk Najeriya. Jihar Kano ta samu 20, Birnin Kudu na cikinsu, kuma a lokacin ƙasar Gwaram tana ƙarƙashinta. Dokar filaye ta 1978 ta ɗora ba da izinin mallakar gonakin karkara a kan ƙaramar hukuma. Da Muhammadu Abubakar Rimi na PRP ya hau gwamnan Kano a 1979, ya soke haraji da jangali, wato aikin da aka ƙirƙiri gundumar dominsa tun farko. A zaɓen wannan shekarar ne Sule Lamido, ɗan Bamaina, ya tafi Majalisar Wakilai daga Birnin Kudu a tutar PRP.

Daga baya aka yanke Gwaram ta zama ƙaramar hukuma, aka kuma yanke Buji mai hedikwata a Gantsa. Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jigawa daga Kano, Dutse ta zama babban birni. Mubaya'ar da hakiman yankin suka yi ɗaruruwan shekaru suna kaiwa Kano ta koma Dutse, garin da a da sarkinsa da Sarkin Kudu duk a gaban Sarkin Kano suke faɗuwa. Masarautar Dutse a yau ta ƙunshi Dutse, Birnin Kudu, Gwaram, Buji, Kiyawa, Jahun da Miga, kuma Alhaji Hamim Nuhu Sanusi ne ke kan karaga tun 2023, bayan rasuwar mahaifinsa. Birnin Kudu ta fitar da gwamnoni biyu: Ali Sa'ad Birnin Kudu daga 1992 zuwa 1993, da Sule Lamido daga 2007 zuwa 2015.

Kalmar gunduma kanta ta sauka daga matsayinta. A bakin 'yan siyasa yanzu, sau da yawa mazaɓar kansila ake nufi da ita.

Wa ke mulki a yau

Tsari biyu ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Hakimi da dagatai da masu unguwanni suna nan, suna sasanta rikicin gona da na aure da na manoma da makiyaya, suna shaida cewa wane ɗan gari ne, kuma da wuya aikin rigakafi ya shiga gari ba tare da su ba. Sai dai kundin tsarin mulki na 1999 bai ba su wani aiki ba ko ɗaya. Ƙaramar hukuma ya sani: Sashe na 7 ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe ta, Jadawali na Huɗu kuma ya lissafa mata kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, rajistar haihuwa da mutuwa, ƙananan hanyoyi da magudanun ruwa, da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya.

Matsalar tana wajen kuɗi. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar suna da kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya, amma Sashe na 162 ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, inda kason kan sauka kafin ya isa hedikwatar ƙaramar hukuma. Zaɓen ciyamomi da kansiloli kuma hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya shi, wadda gwamna ke naɗa shugabanninta. Ciyaman da kuɗinsa ke biyowa ta Dutse, kujerarsa ma ta Dutse ta fito, ba abin mamaki ba ne idan ya fi jin tsoron Dutse a kan mutanen Kiyako. Ta wannan fuska bai yi nisa da hakimin zamanin Cargill ba, sai dai kuɗin a da daga ƙasa suke hawa, yanzu daga sama suke sauka.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar da gwamnonin jihohi 36. Ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma ba a yarda gwamna ya rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomin riƙo ba. Jigawa ta yi zaɓen ƙananan hukumomi a watan Oktoban wannan shekarar, inda APC mai mulkin jihar ta lashe kujerun ciyaman 27 gaba ɗaya.

Abin da Birnin Kudu da Gwaram da Buji ke samu daga asusun tarayya ba sirri ba ne, domin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa kason kowace ƙaramar hukuma wata-wata a intanet. Duk mai son sanin ko hukuncin kotun ya yi aiki a garinsu zai iya ɗaukar wannan adadi, ya ajiye shi kusa da kasafin kuɗin da majalisar kansiloli ta amince da shi, sannan ya nemi kansilan mazaɓarsa ya nuna masa bambancin.