Tsayawa ko Ficewa: Tarihin Shawarar Mutanen Ostireliya a Gaban Wutar Daji

Kudu maso gabashin Ostireliya na cikin yankunan da wutar daji ta fi yi wa ɓarna a duniya. Dazukansa cike suke da bishiyar turare mai ganye mai maiƙo, kuma a watannin Janairu da Fabrairu, lokacin tsananin zafi a can, busasshiyar iska daga tsakiyar ƙasar takan koro wuta da gudun da ƙafa ba ta iya tsere masa. Shi ya sa magidantan karkara suka daɗe suna fama da tambaya ɗaya: a tsaya a kare gida, ko a kwashe iyali a fice?

A farkon ƙarni na 20 manoma tsayawa suke yi, suna bugun wuta da jiƙaƙƙun buhuna da ɗanyen reshe, domin babu hanya mai kyau balle motar gudu. Gobarar 13 ga Janairu 1939 a jihar Victoria ta kashe mutum 71, da yawansu ma'aikatan injin katako ne a tsakiyar daji. Wasu sun tsira ta hanyar shiga ramukan da aka haƙa don irin wannan rana. Binciken Alƙali Leonard Stretton kan wannan gobara na cikin abubuwan da suka kai ga kafa hukumar kashe gobarar karkara ta jihar a 1945, wadda 'yan sa-kai ne ƙashin bayanta.

Da motoci suka yawaita, sai wani sabon haɗari ya ɓullo. A Janairu 1969 mutum 17 sun mutu a babbar hanya kusa da garin Lara bayan sun fita daga motocinsu cikin hayaƙi. Gobarar 16 ga Fabrairu 1983 kuma ta ci rayuka 75 a jihohin Victoria da Ostireliya ta Kudu. Masu bincike sun gano cewa yawancin gidaje tartsatsin da iska ke ɗaukowa ne yake kunna su sannu a hankali, don haka gidan da ke da mai tsaro ya fi tsira. Sun kuma lura cewa mamata da yawa a hanya wuta ta rutsa da su, saboda sun makara wajen fita. Daga nan aka gina manufar da hukumomin kashe gobara na ƙasar suka amince da ita a 2005: ko mutum ya shirya ya tsaya, ko ya fice da wuri.

Tsayawa aiki ne mai sharaɗi. Ana share ciyawa da busasshen ganye daga kewayen gida, a toshe indararo a cika shi da ruwa, a tanadi bokitai da injin jan ruwa mai amfani da fetur, tun da lantarki kan yanke. Idan wuta ta iso, a shige ciki da tufafin auduga da bargon ulu har hucinta ya wuce, sannan a fito a kashe duk inda ya kama.

Ranar 7 ga Fabrairu 2009 ta girgiza wannan tsari. Zafi ya kai digiri 46.4 a Melbourne, wuta ta lashe garuruwa irin su Marysville da Kinglake, gidaje sama da 2,000 suka ƙone, mutum 173 suka rasu, mafi yawansu a cikin gida ko kusa da shi. Hukumar binciken da Bernard Teague ya jagoranta ta gano cewa jama'a da dama ba su ɗauki ko ɗaya daga cikin zaɓin biyun ba. Jira suka yi su ga yadda za ta kaya. Wani yana jiran sanarwa daga hukuma, wani yana buga wa maƙwabci waya don ya tabbatar, wani ya kasa barin dawakinsa. A gidaje da yawa ra'ayi ya rabu, maigida yana son tsayawa, uwargida tana son fita da yara, har lokaci ya ƙure.

Bayan haka aka ƙara matakin gargaɗi mafi tsanani, wanda a ranarsa ake shawartar kowa ya bar yankin tun daren da ya gabace ta ko da sassafe, komai ingancin shirinsa. Aka soma tura saƙon gargaɗi kai tsaye zuwa wayoyin mutane, aka kuma keɓe wuraren fakewa na ƙarshe a garuruwa. A gobarar 2019 zuwa 2020, wadda ta ƙone gidaje kimanin 3,000, mutum 33 ne wuta ta kashe kai tsaye. A garin Mallacoota kusan mutum 4,000 sun fake a bakin teku, daga baya sojojin ruwa suka kwashe wasu da jirgi. A yau hukumomin ƙasar suna koyar da cewa ficewa da wuri ita ce mafi aminci, kuma kowane iyali ya zauna ya yanke shawararsa tun kafin lokacin zafi ya shigo: alamar da za ta sa su tashi, hanyar da za su bi, da inda za su nufa.