Ibnul Haisam Da Tsohuwar Rigimar Ido: Shin Gani Ya Kori Ji?

 Yau za mu ɗan ajiye labaran soyayya a gefe mu leƙa tarihi.

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Idan mutum ya ce "da idona na gani", to magana ta ƙare, ko a gaban alƙali ne. Amma shi kansa ganin yaya yake faruwa? Wannan tambaya ta fi shekara dubu tana haɗa masana faɗa.

Tun zamanin Girkawa aka rabu gida biyu. Iklidis, wanda ya rayu a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da Badlimus da ya zo a ƙarni na 2 bayan haihuwarsa, sun tafi a kan cewa wani haske ne yake fita daga ido ya je ya taɓa abu, kamar yadda makaho yake lalube da sanda. Aristo da mabiyansa suka ce a'a, siffar abu ce take zuwa wa ido. Da littattafan nan suka shigo Larabci sai rigimar ta biyo su. Alkindi na Bagadaza ya goyi bayan na farko, Ibnu Sina kuma ya tsaya wa na biyu.

A nan ne Alhasan Ibnul Haisam ya shigo. An haife shi a Basra wajen shekarar 965. Masu tarihi sun ruwaito cewa ya taɓa yin iƙirarin zai iya shawo kan ambaliyar kogin Nilu, maganar ta kai kunnen Alhakim, sarkin Faɗimiyya na Masar, ya aika a zo da shi. Da ya isa wajen Aswan ya ga girman ruwan da idonsa, sai ya gane aikin ya fi ƙarfin kayan zamaninsa. (Sai a 1902 aka kammala madatsar farko a wurin.) Alhakim kuwa ba sarkin da ake yi wa wasa ba ne, don haka malamin ya yi haukan ƙarya ya tsira da wuyansa, aka tsare shi a gida har sarkin ya kau a 1021. Daga nan ya zauna kusa da masallacin Azhar yana kwafar littattafan lissafi yana samun na tuwo, har ya rasu wajen 1040.

Babban aikinsa shi ne Kitabul Manazir, mai kashi 7. Abin da ya bambanta shi da na baya shi ne bai tsaya ga "wane ya ce" ba, gwaji ya riƙa yi. Ya lura cewa duk wanda ya kalli rana ido zai yi masa ciwo, kuma ko ya kau da kai zai ci gaba da ganin wani tabo. Ke nan wani abu ne yake shiga ido daga waje. Ya kuma jera fitilu a gaban wani ɗaki mai duhu da aka huda wa ƙaramar kafa. Kowace fitila ta fitar da nata ɗigon haske a bangon ciki, idan aka rufe ɗaya sai ɗigonta kaɗai ya ɓace. Wannan ya nuna haske a miƙe yake tafiya, kuma ba ya cakuɗewa a hanya.

To amma inda ya fi burge ni shi ne abin da ya ce bayan hasken ya shiga. A ganinsa, abu biyu kawai ido yake karɓa kai tsaye: haske da launi. Sauran duk, irin su nisa, girma, motsi, kyau da muni, hankali ne yake yanke hukuncinsu ta hanyar kwatanta abin da ya gani yanzu da abin da ya taɓa sani. Hukuncin yana zuwa da sauri ƙwarai, shi ya sa ba mu jin mun yi shi.

Ku gwada da kanku. Ka hango mace daga nesa cikin hijabi, ba ka ga fuska ba, amma ka ce "ga Yaya can", saboda ka san takunta. Kana zaune a mota a tasha, ta kusa da ku ta ja, sai ka ji kamar taku ce ta tashi. Wata idan yana fitowa sai ka ga ya fi girma a kan lokacin da ya kai tsakiyar sama, alhali watan bai canja ba. Ibnul Haisam ya danganta wannan na ƙarshe da yadda hankali yake ƙiyasta nisa, ya kuma ware kashi na 3 na littafin kacokan ga kurakuran gani.

An fassara littafin zuwa Latin, aka buga shi a birnin Basel a 1572. Kepler ya ɗora a kansa a 1604, ya nuna cewa hoto a bayan ƙwayar ido yake sauka, kuma a kife, abin da shi Ibnul Haisam bai kai gare shi ba. A ƙarni na 19 Bajamushe Helmholtz ya sake tayar da maganar cewa gani hukunci ne da ƙwaƙwalwa take yankewa ba da saninmu ba, kuma masu binciken ƙwaƙwalwa na ci gaba da aiki a kan wannan turba.

Saboda haka gani ya kori ji, gaskiya ne, amma bai kori bincike ba. Aure nawa ya mutu saboda "na gan ta tsaye da wani"? Mutum nawa aka ɓata wa suna saboda an hango mai kama da shi da magariba? Mai shaidar ba lallai ƙarya yake ba. Idonsa ya kawo haske da launi, zuciyarsa ta cika sauran da abin da dama yake zato. Kafin mu rantse a kan abin da muka gani, mu matsa kusa mu sake dubawa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, ku huta lafiya.